Paranoid na Black Sabbath: a nan metal ya tsaya da ƙafarsa, ko ana ba shi fiye da haƙƙinsa?

Sarkin_Jita:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana na kawo, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, duk tarihin kiɗan rok babu faifan da ya juya akalar tafiya kamar Paranoid na Black Sabbath, wanda ya fito a Ingila ranar 18 ga Satumba, 1970. Daga kansa ne metal, wato reshen rok mai nauyi da ƙara, ya daina raɓewa a gindin buluz, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ya zama kiɗa mai cin gashin kansa. Waƙoƙi takwas ne kacal, wajen minti 42, amma fuskar farko kaɗai tana ɗauke da War Pigs da Paranoid da Planet Caravan da Iron Man. Samari huɗu suka yi wannan aiki, Ozzy Osbourne mai rera waƙa da Tony Iommi mai jita da Geezer Butler mai jitar bes (mai kaurin sauti) da Bill Ward mai ganga, 'ya'yan talakawan unguwar Aston a Birmingham, babu wanda ya haura shekara 22 a cikinsu. Faifan ya hau lamba ɗaya a Ingila, ya kai ta 12 a Amurka ba tare da gidajen rediyo sun ba shi wani muhimmanci ba. Duk mai ganin akwai wanda ya fi shi cancantar wannan matsayi, bismillah, ga fili.

Bakatsine84:
Wa alaikumus salam. Malam Sarkin_Jita, ai ka tsallake yaya ka kama ƙane. Faifansu na farko, mai sunan ƙungiyar, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970, wata bakwai kafin Paranoid. Ka sake sauraron waƙar da ta buɗe shi: ruwan sama, tsawa, ƙararrawar coci, sannan jita ta faɗo da sauti uku masu nauyi a hankali. Duk wanda ya ji wannan a 1970 ya san wani sabon abu ya iso. Idan ana neman ranar haihuwar metal, wannan ce.

Sarkin_Jita:
@Bakatsine84 waƙar farko kam ban ja da kai ba. To amma sauran faifan fa? Evil Woman ba tasu ba ce, Warning ma ba tasu ba ce, kuma Warning ɗin doguwar gwanintar buluz ce ta fiye da minti goma, irin wadda ƙungiyoyi da yawa a Ingila ke yi a lokacin. The Wizard da harmonika take tafiya. Wato ƙafarsu ɗaya tana sabuwar hanya, ɗayar tana tsohuwa. A Paranoid duk waƙoƙin nasu ne, kuma tun daga jiniyar da ke buɗe War Pigs har ƙarshen Fairies Wear Boots sun san abin da suke so.

Dan_Sabongari:
Ku biyun duk kun manta da Led Zeppelin. Led Zeppelin II ya fito a Oktoban 1969, da Whole Lotta Love a kansa. Wace jitar Sabbath ce ta fi wannan nauyi? Kuma mai gangarsu John Bonham ya fi Bill Ward dukan ganga, wannan ko gardama babu.

Injiniya_Sauti:
Bari in sa baki a matsayina na mai aikin haɗa sauti. @Dan_Sabongari, ƙarfin duka daban, ginin waƙa daban. Zeppelin ƙungiyar buluz ce da ta ƙara wa kiɗan ƙarfi, Robert Plant yana waƙar mata da soyayya, kiɗan yana da rangaji. Wata guda bayan Paranoid suka fitar da Led Zeppelin III, kusan rabinsa da jitar katako marar lantarki. Su kansu ba su taɓa son a kira su 'yan metal ba.

Abin da Sabbath suka yi shi ne sun ɗauki rif, wato gajeren zubin jita da ake maimaitawa, suka mai da shi ginshiƙin waƙa baki ɗaya. Butler ba ya zagaye da jitar bes yadda aka saba a buluz, bin sawun Iommi yake yi sauti da sauti, sai abin ya taru ya yi kauri. A Iron Man har muryar Ozzy ma rif ɗin take bi. Jita da bes da murya duk a layi ɗaya. Ku saurari Metallica ko Pantera ko Soundgarden, wannan ginin za ku tarar. Sannan waƙa ɗaya tana canza gudu sau biyu ko uku, kamar yadda Hand of Doom ke farawa da bes a ƙasa-ƙasa, ta fashe, ta ruga, ta dawo. Wannan ma gadon da suka bari ne.

Yar_Tudunwada:
Ni dai sabuwa ce a wannan harka, ta fim ɗin Iron Man na 2008 na fara jin kiɗan a ƙarshensa. Na ɗauka don jarumin aka yi waƙar.

Bakatsine84:
A'a 'yar'uwa, ba su haɗa komai ba sai suna. Labarin da Butler ya rubuta na wani mutum ne da ya leƙa zamani mai zuwa ya ga halakar duniya, a hanyar dawowa ya zama ƙarfe ya kasa magana. Ya so ya gargaɗi mutane suka yi masa dariya, sai fushi ya sa shi da kansa ya jawo halakar da ya gani. Butler ne ke rubuta yawancin baitocinsu, Ozzy yana kawo karin murya.

Mai_Walda_Kano:
Ni abin da ya ɗaure ni da wannan ƙungiya labarin Iommi ne, don sana'armu ɗaya kafin ya zama makaɗi. Yana da shekara 17 yana aiki a masana'antar fallen ƙarfe, kuma ranar ce ta ƙarshe da zai yi a wurin don ya samu ƙungiyar da zai bi. Aka sa shi a kan injin da bai saba da shi ba, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Shi kuwa bahago ne, hannun daman ne ke danna tsirkiya. Likitoci suka ce ya haƙura da jita. Shugabansa na wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz da wuta ta lalata wa yatsu biyu amma bai daina ba. Sai Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya nemo siraran tsirkiyoyin banjo don kada dannawa ta yi masa zafi.

Na taɓa ganin abokin aikina ya rasa yatsa uku a gabana a wata masana'anta da na yi aiki. Ba a biya shi komai ba sai kuɗin ɗinki, kuma daga ranar bai sake riƙe kayan aiki ba. Shi ya sa in na ji War Pigs ba gwaninta kawai nake ji ba, ina tuna cewa da yatsun roba ake kaɗa ta, mai kaɗawar ba ya ma jin tsirkiyar a fatarsa.

Dan_Sabongari:
Allah ya saka wa abokin naka, Malam. Kuma saboda yatsun ne ya sassauta tsirkiyoyin, shi ya sa Paranoid ke da wannan zurfin sauti.

Injiniya_Sauti:
A nan akwai gyara. Sassauta tsirkiya sosai a faifai na uku ya zo, Master of Reality na 1971, inda ya sauke jitar da mataki ɗaya da rabi a waƙoƙi irin su Children of the Grave da Into the Void. A Paranoid jitar tana ɗaure yadda aka saba. Nauyin da kake ji daga wasu wurare yake zuwa: jitar Gibson SG, amfilifayar Laney da aka ƙure, wata 'yar na'ura mai ƙara kaifin sauti, da yadda Iommi ke danna rif ɗin a can saman wuyan jita kan tsirkiyoyi masu kauri maimakon kusa da kai. Ka gwada kaɗa Paranoid a wurare biyun, sautin ɗaya ne a lissafi amma kaurinsa ya bambanta. Wannan ne ma ya sa wasu ke cewa Master of Reality ya fi cancantar kambun da Sarkin_Jita ke son ɗora wa Paranoid.

Ummu_Haidar:
Ku yi haƙuri zan katse muku hanzari. Ɗana ne ya fara jin irin waɗannan kaɗe-kaɗe, shi ya sa nake bin zauren nan. Abin da na gani a intanet bai kwantar min da hankali ba. Sunan ƙungiyar kansa, da gicciye a kife, da mutumin da aka ce ya gatsa kan jemage a gaban jama'a. Ku da kuke yabonsu, tsakani da Allah, ba bautar shaiɗan ba ce wannan?

Kawu_Birmingham:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma uwa ce ke yin ta. Zan faɗa miki abin da na sani, ke kuma ki auna.

Sunan daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi, wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Da sunansu Earth, sai aka samu wata ƙungiya mai wannan suna. Tunaninsu shi ne tunda mutane na biyan kuɗi su kalli abin da zai tsorata su a silima, me zai hana a yi kiɗa mai ban tsoro. Gicciyen da ke kife a cikin bangon faifan farko kamfanin ne ya sa, ba su suka nema ba. Butler a gidan 'yan Katolika ya tashi. Gicciyen da suke ratayawa a wuya mahaifin Ozzy ne ya fara ƙera musu. A Master of Reality akwai After Forever, wadda kai tsaye take kira ga imani da Ubangiji.

A Paranoid ɗin da ake magana, War Pigs zagin shugabanni ce masu kunna yaƙi su tura 'ya'yan talakawa su mutu, kuma ta ƙare da ranar hisabi inda suke neman gafara ba su samu ba. Electric Funeral a kan yaƙin nukiliya take. Hand of Doom gargaɗi ce a kan hodar heroin da ta kama sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam.

Amma ba zan wanke su tas ba. Sun sha ƙwaya da giya har abin ya rusa ƙungiyar, a kan haka aka kori Ozzy a 1979. Maganar jemage gaskiya ce, a 1982 ta faru a jihar Iowa, Ozzy ne ya yi, lokacin ya bar Sabbath yana waƙa shi kaɗai. Kuma daga baya an samu wasu ƙungiyoyin metal, musamman a Norway farkon shekarun 1990, da suka ɗauki abin da gaske har aka ƙona coci-coci. Don haka ki duba waɗanne ne ɗanki ke ji, ba duka suke ɗaya ba.

Ummu_Haidar:
Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Na fahimci bambancin. Amma gaskiya har yanzu raina bai kwanta da mutanen da suka zaɓi tsoro da duhu su zama tambarinsu ba, ko da niyyarsu gargaɗi ce. Yaro ɗan shekara 16 hoton yake gani kafin ya kai ga ma'anar baiti.

Almajirin_Zaure:
Hajiya tana da gaskiya a nan. Hukuncin kiɗa kuma magana ce ta malamai, kowa ya koma ga wanda yake ɗaukar karatu a wurinsa, ba a zauren nan za a yanke ta ba. Abin da ya fi shi ne ki zauna da yaron ku karanta baitocin tare, ki ji me ya ja shi.

Bazazzagi_70:
Ni na girme yawancinku, bari in ba ku yadda abin yake a lokacin. Yayana ya je karatu Ingila farkon shekarun 1970, ya dawo da akwati cike da fayafayai. A cikinsu akwai Paranoid, da hoton nan na wani mutum riƙe da takobi da garkuwa yana fitowa daga duhun daji. Mu a lokacin James Brown da Jimmy Cliff muke ji, sai waƙoƙin Indiya, sai Shata a rediyo. Da aka ɗora wannan a kan garmaho mahaifiyarmu ta leƙo ta ce wa ya kawo injin niƙa cikin gida. Ni kaina sai da na girma na gane abin da ke ciki. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, a Janairun 1970 aka gama, unguwarmu akwai gidajen da 'ya'yansu suka tafi ba su dawo ba. Yayana ya zaunar da ni ya fassara min War Pigs baiti-baiti. Tun daga nan ban sake ɗaukarta a matsayin hayaniya ba.

Yar_Tudunwada:
Baba, to me ya haɗa mai takobi da sunan Paranoid? Na duba hoton ban ga alaƙa ba.

Sarkin_Jita:
Babu alaƙa, 'yar'uwa. War Pigs aka yi niyyar sa wa faifan, an riga an ɗauki hoton bango a kan haka. Sai aka canza suna a ƙurarren lokaci. Ozzy ya ce kamfani ne ya ji tsoron ɓata wa Amurkawa rai saboda yaƙin Biyetnam. Wasu kuma sun ce ciniki ne kawai, don waƙar Paranoid da aka saki ita kaɗai a Agusta ta kai lamba 4 a Ingila, sai aka ga sunanta zai fi sayar da faifan. Ita kanta waƙar cike gurbi ce. An gama ɗauka aka ga faifan bai kai tsawon da ake so ba, Iommi ya fito da rif nan take, Butler ya rubuta baitoci, Ozzy yana karantawa a takarda yana rerawa. Ba ta kai minti uku ba.

Gwanin_Kalangu:
To wannan shi ne abin da ke hana ni yarda da kai, Sarki. Yaya za a ce faifan da aka yi cikin 'yan kwanaki, sunansa na haɗari, babbar waƙarsa ta cike gurbi, shi ne ginshiƙin wani fanni guda? Deep Purple in Rock, faifan ƙungiyar Deep Purple, ya fito a Yunin 1970, ya riga Paranoid. Speed King tana da gudun da Sabbath ba su taɓa kaiwa ba a lokacin, Ian Gillan yana da ihun da duk mawaƙan metal na shekarun 1980 suka kwaikwaya, Ritchie Blackmore ya shigo da salon kiɗan gargajiyar Turai cikin jita. Iron Maiden da Deep Purple suka fi kama, ba da Sabbath ba.

Injiniya_Sauti:
Saurin ɗaukar bai nuna ƙarancin shiri ba, Gwani. Kafin su shiga sutudiyo sun daɗe suna kiɗa a kulob-kulob na Hamburg da Zurich, inda ake sa ƙungiya ta hau dandamali sau da yawa a dare ɗaya. Waƙoƙinsu ba su isa cike lokacin ba, dole su ja kiɗa su yi ta ƙirƙira a gaban mutane. Daga irin wannan War Pigs ta fito, da farko ma sunanta Walpurgis da wasu baitoci daban. Don haka da suka shiga Regent Sound a Landan a watan Yuni tare da furodusa Rodger Bain, abin da suka riga suka goge a kai suka kaɗa. Faifan farko ma a yini ɗaya suka ɗauke shi a wannan sutudiyo.

Amma maganarka ta gudu da ihu na karɓa. Metal yana da jijiya biyu, ta nauyi daga Sabbath, ta gudu da gwaninta daga Purple. Judas Priest ne suka haɗa su, su ma 'yan Birmingham. Abin sha'awa, Rodger Bain ɗin ne ya yi musu faifansu na farko a 1974, kuma Tom Allom, injiniyan da ya ɗauki Paranoid, shi ne furodusan faifansu British Steel a 1980.

Gwanin_Kalangu:
Ka ga ke nan ba faifai ɗaya ba ne ya haifi abin. Ni a nan na tsaya.

Dan_Damagaram:
Ina gaida manya. Ni ina kaɗa jita a bukukuwa nan Zinder, salonmu na Agadas ne. Abin da na lura shi ne mu ma zubi ɗaya muke kamawa mu yi ta juya shi har jama'a su shiga ciki, ba ma yawan canza sauti. Da na fara jin Sabbath ban ji baƙunta sosai ba, illa su suna tafiya da nauyi a ƙasa, mu muna tafiya da kaifi a sama. Mdou Moctar, makaɗin jita na nan Nijar, shi ma bahago ne kamar Iommi, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke, kuma yanzu masu jin rok mai nauyi a Amurka da Turai suna cika wurin wasansa tun bayan faifansa Afrique Victime na 2021. Amma kada a ce daga Sabbath ya koya, tushensa kiɗan Abzinawa ne.

Bakatsine84:
Haka ne. Idan ana neman inda sautin Sabbath ya sauka a Afirka a shekarun 1970, Zambiya za a duba, Ngozi Family ta Paul Ngozi. Yanzu kuma Botswana ke da 'yan metal na gaske irin su Wrust da Overthrust.

Dan_Sabongari:
Mun yi nisa da batun. Ni har yanzu ina kan bakana game da Bonham.

Gwanin_Kalangu:
A nan kuma zan kare Bill Ward, ko da ban yarda da Sarki ba. Bonham ya fi shi ƙarfi da daidaito, babu musu. Amma Ward ɗan makarantar jaz ne, Gene Krupa da Buddy Rich ya taso yana ji. Ka saurari War Pigs wurin da jita ke bugawa sau biyu ta yi shiru, Ozzy ya rera, ka ji yadda Ward ke riƙe lokacin da 'yan faranti kawai sannan ya cike gurbin da gangara. Ka ji Fairies Wear Boots yadda take lilo. Yawancin masu kwaikwayon Sabbath sun ɗauki nauyin sun bar wannan lilon, shi ya sa nasu ke fitowa a sandare. A Planet Caravan ma ajiye sanduna ya yi ya kama konga da hannu, aka bi da muryar Ozzy ta cikin lasifika mai juyawa, Iommi ya kaɗa jaz tsantsa a ƙarshe. Rat Salad ce kaɗai nake tsallakewa, don gwanintar ganga ce da aka yanko daga wasan dandamali, a faifai ba ta zauna ba.

Kawu_Birmingham:
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato garin kansa. Na daɗe a nan, kuma tsofaffin da na yi aiki da su suna ba da labarin Aston ta wancan zamani: masana'antu ko'ina, hayaƙi, kangayen da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka bari yara na wasa a ciki. Ozzy ya yi aiki a mayanka da masana'antar kayan mota, ya kuma yi makonni a kurkukun Winson Green saboda sata. A daidai lokacin waƙoƙin da ke tashe daga Kalifoniya na furanni ne da soyayya da zaman lafiya. Yaron Aston ya duba ta taga bai ga fure ba. Kuma 1970 shekara ce da wancan mafarkin ke watsewa: Beatles sun rabu a Afrilu, Jimi Hendrix ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba, ranar da Paranoid ya fito.

Masu sharhin kiɗa na lokacin ba su so su ba ko kaɗan. Lester Bangs ya yi wa faifan farko kaca-kaca a Rolling Stone. Mujallar nan ce kuma a 2017 ta jera fayafayan metal 100 ta ɗora Paranoid a kan gaba. Sai 2006 aka shigar da su zauren girmamawa na rok a Amurka, 'yan Metallica ne suka gabatar da su.

Ina gari ranar 5 ga Yuli, 2025 da su huɗun na asali suka yi wasan ban kwana a filin Villa Park, tafiyar ƙafa daga gidajen da suka tashi. Ozzy a zaune ya rera saboda cutar Parkinson. Da Paranoid suka rufe. Ranar 22 ga watan ya rasu yana da shekara 76. Na bi ta gadar da aka sa wa sunan ƙungiyar a Broad Street, furanni sun rufe wurin, kuma masu ajiyewa har da jikoki da kakanni.

Dan_Kaduna_Metal:
Allah ya ja kwana Kawu. Amma tunda an ambaci jerin 2017, na biyu a ciki Master of Puppets ne na Metallica, 1986, kuma ni a wurina shi ya kamata ya zama na ɗaya. Wanda ya fara abu daban, wanda ya kai shi ƙololuwa daban. Shi ne faifan metal na farko da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zaɓa don adanawa. Ku saurari Orion ku ji abin da Cliff Burton ya yi da bes. Paranoid kusa da shi kamar gwaji ne.

Sarkin_Jita:
@Dan_Kaduna_Metal a shekarar da Master of Puppets ya fito, Metallica su ne masu buɗe wa Ozzy wasa a zagayen Amurka, kuma su da bakinsu suna cewa ba don Sabbath ba da babu su. Ban ce Paranoid ya fi shi ƙwarewa ba. Tambayata matsayi a tarihi ce. @Gwanin_Kalangu ya ce jijiya biyu ce, na ji. Amma cire Deep Purple in Rock daga tarihi, za a samu metal marar gudu na ɗan lokaci, wani ya zo ya ƙara. Cire Paranoid, me ya rage? Faifan farko ya tsaya a lamba 8 a Ingila, Master of Reality kuwa a kan nasarar Paranoid ya hau. Paranoid ne ya sayar da kwafi miliyan huɗu a Amurka, shi ya shiga ɗakunan yaran da suka zo suka kafa ƙungiyoyin da muke ji yau. Har yau mai koyon jitar lantarki, Iron Man na cikin abin da ake fara nuna masa.

Gwanin_Kalangu:
Ana kuma fara nuna masa Smoke on the Water, ita kuwa ta Deep Purple ce.

Bakatsine84:
Sarki, ka koma kan ciniki ke nan. In da yawan sayarwa ake auna wanda ya fara, ai ba a gama ba. Ni dai ina nan kan 13 ga Fabrairu. Duk reshen nan na metal mai tafiyar hawainiya, Candlemass da Saint Vitus da Electric Wizard, daga waƙa ɗaya tak ya tsiro, kuma ba a Paranoid take ba.

Mai_Walda_Kano:
Electric Funeral fa? Ai ita ma tafiyar hawainiyar ce, kuma a Paranoid take.

Yar_Tudunwada:
Na saurari faifan gaba ɗaya jiya da dare saboda wannan muhawara. Hand of Doom ce ta fi kama ni, ba waɗanda kuka fi ambata ba. Akwai ɗan unguwarmu da ƙwaya ta cinye, yadda waƙar ke lafawa ta sake tashi ya tuna min da yadda yake samun sauƙi ya koma. Yanzu wanne zan bi da shi, na farkon ko Master of Reality?

Injiniya_Sauti:
Master of Reality, ki fara da Into the Void, ki sa abin ji na kunne mai kyau don lasifikar waya ba ta fitar da bes ɗin Butler. Daga nan ki koma na farkon. In kin gama ki nemi Heaven and Hell na 1980, wanda suka yi da mawaƙi Ronnie James Dio bayan tafiyar Ozzy, don akwai masu cewa ƙungiyar ba ta taɓa kaɗawa da tsafta kamar a wannan ba.

Bakatsine84:
A'a, na farkon za ta fara ji. In ta ji Master of Reality tukuna, kunnenta zai saba da nauyin, waƙar buɗewar ba za ta girgiza ta yadda ya kamata ba.